Wa Zai Biya Kuɗin Ƙwarewa a Ɗakin Jarirai?

Duk taron da aka yi kan mutuwar jarirai a Nijar, a Yamai ne ko a Tawa, ba a watsewa sai an ce a ƙara horo. A buɗe fannin ƙwarewa, a tsaurara sharuɗɗan shiga aiki, kada a bar sabon malamin asibiti ya taɓa bakwaini sai da takardar da ta nuna ya karanci jinyar jarirai. Magana ce mai daɗin ji, kuma babu uwar da za ta ƙi a ce ƙwararre ne ke tsaye a kan ɗanta. Sai dai ba kasafai ake bin maganar da alƙalami ba, a ce ga abin da za ta ci, ga wanda zai biya, ga ran jarirai nawa za a tsirar da kuɗin. Wannan lissafin nake so mu yi, a kan gundumomi uku na jihar Tawa: Madawa, Buza da Keita.

Ƙidayar 2012 ta ba Madawa mutum 545,538, Buza 445,363, Keita 337,098. Jimlar ta haura miliyan 1 da dubu 300, kuma yau an wuce nan da nisa. Ko tsohon adadin muka riƙe, muka ce ana samun haihuwa 45 cikin kowane mutum 1,000 a shekara, jarirai kusan 60,000 ke nan. Binciken ENAFEME na 2021 ya nuna cewa a faɗin ƙasa jarirai 43 cikin 1,000 ba sa cika wata guda a duniya. Da na ɗora wannan a kan gundumomin uku, sai na samu wajen 2,500 a shekara, wato 7 kowace rana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi uku cikin huɗu na irin wannan mutuwa a makon farko take faruwa. Yawancinsu ke nan ba su ga ranar suna ba. A yi wa maijego "Allah ya sa mai ceto ne", a watse, kuma sau da yawa babu rajistar da aka rubuta haihuwar, balle mutuwar.

Nijar ta taɓa ba duniya mamaki a fannin lafiyar yara. Wani nazari da mujallar Lancet ta buga a 2012 ya nuna mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara 5 ta sauko daga 226 cikin 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009. Gidan sauro, bitamin A, rigakafi, ƙananan ɗakunan shan magani da aka gina a ƙauyuka zamanin Tanja, maganin tamowa, da kyautar magani ga yara da masu ciki da aka fara a 2006, su suka yi wannan aiki. Amma nazarin ya nuna mutuwar watan farko ba ta yi wani motsin kirki ba. Dalilin a fili yake: gidan sauro ana rabawa a tafi, jariri mara lafiya kuwa sai an tsaya a kansa.

Ga bakwaini mai nauyin kilo 1 da rabi, an kawo shi daga Sabon Gida naɗe cikin zane biyu, jikinsa ya yi sanyi, ba ya kama nono. Ruwan da yake buƙata a ranar farko mililita 60 ne a kowane kilo, wato 90 cikin awa 24, bai kai mililita 4 a awa ba, ƙasa da cokalin shayi guda. In aka saki robar ƙarin ruwa ta zuba yadda ake yi wa babba, zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Allurar jantamisin da za a yi masa miligiram 3 ce a kilo, 4.5 ke nan, alhali kwalbar da aka saba kawowa tana ɗauke da miligiram 40 a kowace mililita. Abin da za a zuƙa a sirinji ɗan ɗigo ne da ya ɗara kashi ɗaya cikin goma na mililita kaɗan, kuma kuskuren sifili guda na iya taɓa masa ƙoda ko ya kurmantar da shi. Iskar oksijan ma, da ake ganin rahama ce zalla, in ta yi yawa tana makantar da bakwaini. Amurka da Ingila sun koyi haka a shekarun 1940 da 1950, bayan dubban yara sun rasa idanu. Sai neman jijiya a bayan ɗan mitsitsin hannu, sai zura siririn tiyo ta hanci zuwa ciki a tabbatar bai bi hanyar huhu ba, sai ba shi tatsattsen nonon uwarsa duk bayan awa 2 ko 3, dare da rana, ana duba zafin jikinsa kada ya sauka ƙasa da digiri 36.5.

Wanda ya fito makaranta jiya bai iya wannan ba, ko da shi ya zo na ɗaya. Dole a koya masa. Inda nake da ja shi ne a ina za a koya, kuma a wuyan wa za a rataya kuɗin.

Ƙofa biyu ce babba ta shiga aikin jinya a ƙasar nan. Mai takardar birbe ya yi shekara 3 ya fito ƙaramin ma'aikacin lafiya, wanda ake kira ASB. Mai bak ya yi shekara 3 ya fito da lisans. Tsofaffin makarantun gwamnati su ne ENSP ta Yamai da ta Damagaram, sauran kuwa yawancinsu masu zaman kansu ne, na kuɗi. Ɗauki yarinya daga Garhanga ko Karofane: firamare 6, kwaleji 4, lise 3, makarantar lafiya 3. Shekara 16 ke nan in ba ta maimaita aji ko sau ɗaya ba, a ƙasar da kusan 3 cikin kowace mace 4 ke yin aure kafin shekara 18. In aka ce sai ta ƙara shekara 2 na ƙwarewa kafin ta shiga ɗakin jarirai, an kai 18. Duk tsawon wannan lokaci gwamnati ba ita ke ɗaukar mafi nauyin kayan ba. Uba ne ke sayar da albasarsa tun ba ta yi daraja ba don kuɗin makaranta ya matso, yayanta da ke bida a Abijan ko Libiya ne ke aiko na hayar ɗaki, uwa ce ke sakin tunkiyarta don kuɗin mota zuwa wurin koyon aiki, da farar riga, da buga kundin kammala karatu. Mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne a wata tun Janairun 2024, kuma manomin Adar ba shi da ko wannan a matsayin tabbas.

Sakamakon ba ya buƙatar dogon tunani. Duk matakin da aka ƙara wa tsanin, 'ya'yan ƙauye ne ke fara zubewa, waɗanda za su kai ƙarshe su ne 'ya'yan ma'aikata da 'yan kasuwar birni. Ba laifi ba ne a zama ɗan birni, amma wadda ta tashi a Yamai, ta yi aure a Yamai, in an tura ta Tabotaki za ta nemi a mayar da ita kusa da mijinta, kuma tana da hujja. Mun kashe shekara 18 mun samar da ƙwararriya, Tabotaki kuwa tana nan yadda take.

Sai kuma ranar da aka karɓi takardar. Wanda ya san asibitocinmu ya san rabin farar rigar da yake gani a wasu wurare ba ta kan albashin gwamnati. Akwai 'yan kwantaragi, akwai 'yan bautar ƙasa, akwai masu aikin sa kai da ke zuwa kullum ba ko dala, don kada hannu ya manta kuma don a tuna da su ranar da za a ɗauki ma'aikata. Wasu sai su shafe shekaru a haka. To ƙasar da ba ta gama ɗaukar waɗanda suka riga suka kammala ba, da wane ido za ta ce wa iyaye su ƙara biyan shekara 2? A takarda, ɗaga sharaɗi shi ne abu mafi araha ga hukuma, don sa hannu kawai yake ci. Ga iyali shi ne mafi tsada.

Za a ce to a tura waɗanda ke kan aiki su ƙaro ilimi da albashinsu. Wannan ma yana da nasa kuɗin da ba a rubutawa. Madawa da Yamai kusan kilomita 500 ne, ba karatun je-ka-ka-dawo ba ne. Malamar da ta fi kowa iya sa allurar jijiya ita za a zaɓa, don ita za ta ci jarrabawar shiga, kuma shekara 2 gurbinta zai zauna babu kowa ko a cike shi da sabon hannu. In ta gama, takardarta ta sa asibitocin ƙasa, da masu zaman kansu, da ƙungiyoyin agaji duk suna zawarcinta. In tsarin albashi bai san da wani matsayi na ƙwararren jinyar jarirai ba, ta dawo Buza ta karɓi abin da take karɓa da, ta ɗauki nauyin da ya ninka. Mutum nawa ne za su yi wannan sadaukarwa har tsawon rayuwar aikinsu? Akwai su, Allah ya saka musu, amma ba a gina tsari a kan waliyyai.

Hanyar da aka fi bi, saboda ita masu ba da tallafi suka fi so, ita ce taron bita na kwana 3 ko 5 a babban birnin jiha. Kuɗin zaure, kuɗin abinci, kuɗin mai, kuɗin zama na kowane mahalarci, sai hoto da takardar shaida. Ina ganin nan ne kuɗi ya fi zurarewa. Da yake kuɗin zaman na iya kai wani kaso mai tsoka na albashi, wanda ake turawa ba lallai ba ne ya zama mai karɓar haihuwa da dare. Sau da yawa majo ne, wato shugaban ma'aikatan jinya, ko wanda layi ya zo kansa. Kuma ko mutumin da ya dace ne ya je, abin da aka koya a zaure yana dushewa. Shirin koyar da farfaɗo da jariri da 'yar jakar hura iska, wanda aka ƙaddamar a duniya a 2010, ya rage mutuwar ranar farko da kashi 47 cikin 100 a asibitocin Tanzaniya da aka gwada shi. Amma nazarce-nazarcen da suka biyo baya sun nuna hannu yana mantawa cikin 'yan watanni in ba a riƙa maimaitawa a wurin aiki ba. Mu ma muna da namu shaidar. Masu bincike na cibiyar LASDEL da ke Yamai, su Olivier de Sardan, sun rubuta yadda takardar bin diddigin naƙuda, wadda aka sha yin bita a kanta, ake cike ta a wurare da yawa bayan an riga an haihu, don kawai mai duba aiki ya gani. An biya kuɗin horo, rahoto ya ce an horar, aikin bai canja ba.

Yanzu ga layin da ya fi kowane nauyi a lissafin, wanda kuma aka fi gudu. A Ingila ƙa'idar ita ce malamar jinya 1 ga jariri 1 in yana cikin mawuyacin hali, 1 ga 2 a mataki na tsakiya, 1 ga 4 ga waɗanda suka fara samun sauƙi. Mu bar na farko da na biyu, mu ɗauki mafi sassauci. Mako yana da awa 168, ma'aikaci yana yin 40. Kafin a rufe gurbi ɗaya dare da rana ana buƙatar mutum 4 da ɗoriya, in aka sa hutun shekara, da hutun haihuwa, da rashin lafiya, a ce 5. Ɗaki mai gado 12 yana son mutum 3 a kowane lokaci, wato ma'aikata 15. Gundumomi uku, 45, kuma a ɗakin jarirai kaɗai, ba a taɓa ɗakin haihuwa da sashen yara ba. Gado 12 kuwa ga gundumar da ake haifar jarirai dubu 15 zuwa 25 a shekara ai ƙanƙanin abu ne, tunda kusan 1 cikin 10 bakwaini ne.

Me ke faruwa in babu waɗannan hannuwa? An auna a Nairobi, a wani bincike da aka buga a 2020, inda aka zauna ana kallon aikin ɗakunan jarirai. Malaman jinya masu cikakkiyar takarda ne, amma kimanin kashi 60 cikin 100 na ayyukan da ya kamata a yi wa jariri ake samun yi, kuma inda mutum ɗaya ke riƙe da jarirai 12 ko fiye abin ya fi lalacewa. Ba jahilci ya hana su ba. Mai jarirai 15 in za ta ciyar da kowanne ta tiyo duk awa 3, minti 12 ke gare ta a kan kowane ɗaya, kafin allura, kafin rubutu, kafin a shigo da sabo yana shiɗewa. Ba ta digirin digirgir, mintin nan 12 ba zai ƙaru ba. Musamman daga Agusta zuwa Oktoba, lokacin da masassarar cizon sauro da tamowa ke cika asibitin Madawa har a kwantar da yara biyu a gado ɗaya, a janye ma'aikata daga ko'ina don a tare ambaliyar.

Kayan aiki ma suna da bakinsu. Shirin duniya na ceton jarirai ya sa burin cewa zuwa 2025 kashi 80 cikin 100 na gundumomi su samu ɗakin jarirai mai na'urar taimakon numfashi ta CPAP. Ita wannan na'ura, da injin tace oksijan, da fitilar maganin shawara, da kwalbar ɗumama bakwaini, duk wuta suke ci ba ƙaƙƙautawa. A Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, wadda ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke amfani da shi, aka yi watanni a haka. Tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 da rana take amfani. Sauran sai injin wuta, injin wuta sai gazuwal, gazuwal sai kuɗi a asusun asibiti. Asusun kuwa ya daɗe yana jin jiki, don kuɗin kyautar maganin 2006 da gwamnati ya kamata ta riƙa mayar wa asibitoci ya sha taruwa bashi har biliyoyin sefa. Ragin rabin kuɗin asibiti da mayar da haihuwa kyauta da aka fara a Satumban 2024 alheri ne ga talaka, ina kuma goyon bayansa, amma in ba a cike wa asibitoci giɓin a kan lokaci ba, daga wurin mai da albashin 'yan kwantaragin gida zai fita.

Duk wannan ma ga jaririn da ya iso ne. Fiye da rabin haihuwa a karkarar Nijar a gida ake yi, a hannun ungozoma ko kaka. Daga Ibohaman ko Allakai, cikin duwatsun Adar da ƙoramun Magiya da ke yanke hanya da damina, jaririn da bai yi kuka ba minti ɗaya yake da shi, ba awa uku a amalanke ba. Mutanen Keita sun san wannan tun tuni, shi ya sa aka yi dabarar ƙara dala ashirin a kan kowane mai zuwa ganin likita, a tara don man motar ɗaukar marasa lafiya. Ƙwararren da ke asibitin gunduma ba zai taɓa ganin wannan jariri ba. Wanda zai gan shi, in an yi sa'a, ASB ne a ƙaramar cibiyar lafiya ta CSI, shi kaɗai, da tocila.

Ban kawo duk wannan don a naɗe hannu ba. Muna da misalai a cikin gida na yadda ake sayen rai da yawa da kuɗi kaɗan. Da aka ga likitocin fiɗa ba za su ishi ƙasa ba, sai aka riƙa ba likitocin gama-gari horon shekara guda, mafi yawansa a ɗakin fiɗa, suka koma asibitocin gundumomi suna yi wa mata aikin ciro jariri. Shirin yaƙi da zubar jini bayan haihuwa, da ƙwayar misoprostol da wasu dabaru masu araha da aka koya wa ma'aikata a faɗin ƙasa, ya rage mutuwar mata ta wannan hanya da kashi 70 cikin 100, kamar yadda aka buga a 2023. Daga waje kuma, goyon bakwaini a ƙirji, fata da fata, wanda aka fara a Bogota ta Kolambiya a 1978 saboda ƙarancin kwalba, an gwada fara shi nan take bayan haihuwa a ƙasashe biyar har da Najeriya da Gana, sakamakon 2021 ya nuna mutuwa ta ragu da kashi 25 cikin 100. Zane yake so, da gado ga uwa, da abincinta, da ma'aikaciyar da ke da lokacin zama ta nuna mata.

Makarantar ma muna da ita. Ƙungiyar likitoci na gari na kowa, MSF, tana Madawa tun bayan yunwar 2005, tana tallafa wa sashen yara na asibitin gunduma har da jarirai, kuma 'yan ƙasa ne ke yin mafi yawan aikin. Akwai malaman jinya a can da suka riƙe bakwainin da ba za su iya ƙirgawa ba, ba su da takardar ƙwarewa ko ɗaya. Abin tsoro shi ne wannan ilimi yana rataye da kwantaragin ƙungiya. MSF ta taɓa aiki a Buza ta miƙa ta tafi, kuma yanke tallafin Amurka a farkon 2025 ya nuna wa kowa cewa kuɗin waje ba gado ba ne. Ranar da aka rufe shiri, hannuwan nan za su watse neman abinci, a bar gini da na'urori.

Ga abin da nake ganin ya cancanci kuɗinmu, bi da bi. A fara ɗaukar waɗanda suka riga suka kammala, a fifita 'yan yankin, a ba su gurbi mai suna a gundumarsu. Duk sabon da zai shiga ɗakin jarirai ya yi wata 6 a ƙarƙashin tsohon hannu a Madawa ko cibiyar uwa da yaro ta Tawa, da albashinsa, da littafin da ake sa hannu a kan kowane aiki da ya yi a gaban malaminsa, a kuma jarraba shi a bakin gado. Wannan ma ba kyauta ba ne, don mai koyarwa sai an rage masa marasa lafiya an kuma biya shi, amma kuɗin yana zama a cikin ɗakin. Gwamnati ta amince da wannan horo a tsarin albashi, ta kuma buɗe wa tsofaffin hannuwan nan hanyar samun takarda da aikin da suka riga suka iya. Cikakkiyar ƙwarewa ta shekara 2 a ba mutum 2 ko 3 a kowace gunduma, da kuɗin gwamnati, da wanda zai riƙe gurbinsu, da yarjejeniyar dawowa su koyar. Kuɗin bitar otal kuwa a saya wa kowace CSI jakar hura iska da 'yar tsanar gwaji, mai duba aiki ya riƙa zuwa ana maimaitawa a wurin.

Mayar da takardar ƙwarewa sharaɗin shiga ɗakin jarirai a Madawa, Buza da Keita a yau zai rage hannuwa a inda suka riga suka yi kaɗan, ya kuma ɗora kuɗin a kan iyalan da ba su da shi. Ina roƙon ma'aikatar lafiya da shugabannin lafiya na gundumomin uku, kafin a sa hannu a kan wani sabon sharaɗi, su fito da adadi ɗaya ga jama'a: jarirai nawa ke kwance a kowane ɗaki da ƙarfe biyun dare, ma'aikata nawa ke tare da su, kuma nawa daga cikinsu ke kan albashin gwamnati.